Ranar da Sau Ɗaya Ya Sake Sau Goma Sha Ɗaya

Duk wanda ya taɓa cin abinci da maƙogwaronsa a birnin Meksiko ya san Don Nicanor Zepeda, amma sauran jama'a ba su san fuskarsa ba. To, dama wa ya san fuskarmu? Mu masu ɗora wa finafinan waje murya, sai ka shekara goma kana shiga bas ɗaya da mu ba ka san mu ba, sai ranar da muka ce wa direba akwai sauka, ka ga yara sun waiwayo suna neman karen da suka saba ji a talabijin. Don Nicanor gajere ne, mai gashin baki, kullum da gyale a wuya ko da zafin watan Mayu na narka kwalta. Ba ya shan ruwan sanyi, ba ya cin barkono ranar aiki, kuma a aljihunsa ba ka rasa 'yar kwalbar zuma. Sunan da muke kiransa da shi a bayan ido, daga baya har a gaban ido, shi ne Sau Ɗaya.

Sunan ba a banza ya same shi ba. A da, lokacin da sana'ar nan take sana'a, dukanmu muke tsayawa gaban makirufo guda, mutum shida, bakwai, kafaɗa na gogar kafaɗa, kowa ya tuɓe takalmi don kada ƙasa ta yi ƙara. Sai a yanko guntun fim a yi ta juya shi a bango har kowa ya haddace motsin bakin nasa. In an kunna jar fitila, wanda duk ya yi tuntuɓen harshe, ko cikinsa ya yi ƙugi, to kowa da kowa sai ya sake daga farko. Ka ga kuwa mutumin da ba ya kuskure ai ya fi ɗan'uwa. Nicanor in ya kalli bakin katun sau biyu, ya rufe ido, ya buɗe, shi ke nan, magana ta zauna daram kamar don ita aka zana bakin. Ga shi da kunne. In ya ji muryar mutum sau biyar ko shida, sai ya tafi da ita gida a wuyansa, gobe ya kira ka a waya da muryar surukarka, ka yi ta rantse-rantse.

A shekarar 1972 aka kawo wani fim ɗin zane na karnukan da ke zaune a tashar jirgin ƙasa. Uban karnukan sunansa Tizón, aka ba Nicanor. Uwar kuwa, Canela, wadda za ta yi ta ta wayi gari murya ta dushe. Ana tsaye cirko-cirko sai ga yarinyar da ke buga mana takardu a tafireta ta turo ƙofa, ta ce, "Ga takardunku. Kuma wanda ya zuba min kofi a shafi na tara, Allah ya isa." Darektan lokacin ya juyo ya ce, "Ke, maimaita." Ta ɗauka faɗa za a yi mata. Ya ce ta tuɓe takalmi ta shigo layi, kuma kada ta kuskura ta canza komai, yadda take magana haka yake so karyar ta yi magana.

Sunanta Herminia. Saboda tsoro sai ta kama hannun rigar wanda ke kusa da ita, wato Nicanor, shi kuma in layinta ya zo sai ya ɗan taɓa mata gwiwar hannu. Kwana tara suka yi a haka. Ba ta sake yin wani fim ba, ta ce ita wannan haukan ya ishe ta, manya da gemu suna haushi. Amma hannun rigar nan ba ta sake shi ba. Kafin shekara ta fita aka ɗaura musu aure a coci, shekara mai zuwa suka sami 'ya, Rosaura.

Safiyar girgizar ƙasa ta 1985, Nicanor ya fita da Rosaura zai raka ta makaranta, suka tsaya a bakin layi sayen tamal, wato irin alalarmu, da kunun masara. Herminia tana sama, hawa na huɗu, tana guga. Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa ba, duk ɗan garin nan yana da nasa. Gidan ya rufta, ya zauna a kan kansa. Ba su fitar da ko cokali ba. Hotuna, wasiƙu, da kaset-kaset ɗin da ya ɗauke ta tana waƙa a bikin sunan 'yarsu, duk suka tafi tare da ita.

Ya kama ɗaki biyu a unguwar Portales, ya riƙe 'yarsa, ya koyi dafa wake da yi mata kitso, kitson da Rosaura har yau take cewa da shi gara babu. Aure kuwa ko zancensa ba ya so. Hoton Herminia guda ɗaya ya samu wurin ƙanwarta, saboda haka fuskar ba ta ɓace masa ba. Muryar ce ta tafi. Ba dare ɗaya ba, a hankali, yadda launi ke barin tsohuwar riga. Wata rana yana aske gemu ya so ya ji yadda take kiran sunansa, ya kasa. Ya tuna kalmomin, ya tuna har yadda take ɗaga gira, amma sautin babu. Mutumin da ke riƙe da muryoyin rabin garin nan a wuyansa, ta matarsa kaɗai ya rasa! Abin ya yi masa ciwo, ya kuma ba shi kunya, don haka bai faɗa wa kowa ba.

Za ka ce ai ga fim ɗin. Haka ne, duk lokacin Kirsimeti ana sa shi a talabijin. Amma shekarun farko da ya ji kiɗan farawa sai ya kashe akwatin ya fita tsakar gida, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ya riƙa cewa baɗi, baɗi. A shekara ta biyar ya ga ya shirya. Ya aro bidiyo a maƙwabta, ya sayi sabon kaset don ya naɗe fim ɗin, suka zauna shi da Rosaura. Canela ta leƙo daga ƙarƙashin tarago, ta buɗe baki, sai ga muryar wata baƙuwa mai zaƙi kamar ta tallan sabulu. Ashe masu fim ɗin can ƙetare sun ga tsohon sautin ya tsufa, sun sa an sake shi kaf a wani gari, suka kulle namu a rumbunsu. Nicanor ya zauna har fim ya ƙare. Washegari ya mayar da bidiyon, ya yi godiya.

Aka kwana aka tashi, har 1998. Zamani riga ne, in ji masu magana, amma wannan rigar ni dai ba ta yi min ba. Yanzu kowa shi kaɗai yake shiga ɗakin ɗaukar murya, da abin sauraro a kunne, ya yi soyayya da bango, ya yi faɗa da bango, ya fito. Sai ka yi fim guda da mutum ba ku taɓa gaisawa ba. A wannan shekarar ce masu fim ɗin suka tuna da karnukansu, suka mai da labarin shirin talabijin na mako-mako, kashi sittin da biyar. Yaran da suka kalli na da sun zama iyaye, don haka aka ce a nemo tsohon Tizón in yana raye.

Evaristo ne ya bugo waya da safe. Shi ne mai ɗaukar sauti, tun fim ɗin farko yana nan, kuma shi ya tsaya wa Rosaura a coci ranar suna. Rosaura ta ɗauka, suka gaisa, ta miƙa wa ubanta.

"Tsohon kare, kana da sauran haƙori?" in ji Evaristo.

"Na cizon irinka ba za a rasa ba. Me ya faru?"

"Ka zo situdiyonmu na Coyoacán ƙarfe goma sha ɗaya. Kuma ka ci abinci ka ƙoshi." Ya rage murya. "Sun aiko da tsohon faifan, mutumina. Namu. Na asali."

Nicanor ya nemi kujera ya zauna. Evaristo ya yi masa bayani: kashin farko zai buɗe da guntun tsohon fim ɗin, inda Tizón ke dawowa tasha bayan ya ɓace. Sabuwar Canela sai gobe za ta zo, don haka yau tsohuwar muryar za a sa masa a kunne, ya amsa mata. Faifan wani wakilin kamfani ne ya kawo shi a jaka, yana zaune kusa da shi kamar mai gadin amarya, ba a kwafa, ba a fita da shi, ƙarfe biyu zai koma filin jirgi.

"Minti nawa ne wurin?" Nicanor ya tambaya.

"Nata? Daƙiƙa tara."

A hanya ya yi lissafinsa. In ya yi yadda ya saba, sau biyu zai ji ta, ɗaya na gwaji, ɗaya na ɗauka. Sau biyu ba ya isa. Kunnensa ko yana saurayi sai ya ji murya sau biyar, shida kafin ta zauna, balle yanzu yana da sittin da biyu. In kuma ya roƙa a yi ta juya masa, wakilin zai tambayi dalili, shi kuwa bai ga yadda zai buɗe cikinsa gaban baƙo da yara ba. Hanya ɗaya ce ta rage, kuma ya san abin da za ta ci masa.

Darektan sabon jini ne, Fausto Beltrán, shekarunsa ba su fi talatin ba, yaro mai kirki amma kullum idonsa na kan agogo. Ya tarbe shi hannu biyu-biyu.

"Don Nicanor, girmanku ne! Da muryarku aka yaye ni. Na gaya wa baƙonmu yau zai ga aiki, minti biyar mun wuce wurin nan."

Nicanor ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ko da yake ɗakin yanzu shimfiɗe yake da darduma, ba mai tuɓewa. Ya lashi zuma, ya sa abin sauraro. Ta cikin gilashi yana hango su ukun: Fausto, da baƙon mai jaka, da Evaristo a gaban injinsa bai yarda sun haɗa ido ba. Hoto ya taso. Ruwa na shirin sauka a tasha, ga Tizón yana ɗingishi a kan layin dogo, ga Canela ta ɗago kai.

"Tizón, kai ne? Ka daɗe. Shigo mana, ka tsaya nan kamar baƙo."

Allah sarki. Wata 'yar shaƙa ce da take yi kafin ta kira suna, kamar mai shirin faɗa sai ta fasa. Da yadda "kai ne" ɗin ke hawa sama ya karye a tsakiya. Da ɗan kaushin nan a ƙarshen magana, na mai shan kofi da yawa. Ba karya ya ji ba, matarsa ya ji a bakin ƙofar hawa na huɗu, da tsumma a kafaɗa. Layinsa kalma huɗu ne kacal: "Ni ne. Na dawo." Bakin Tizón ya buɗe ya rufe, jar fitila na ci, Nicanor bai ce komai ba. Wannan na farkon ba da gangan ba ne.

"Ba komai, Don, sai an ɗumama," in ji Fausto. "Mu sake."

Na biyu ya shigo da wuri. Na uku ya makara. Na huɗu ya yi tari a tsakiya. Kai, ashe kuskure ma sai da gwaninta! Shekara arba'in bai koya ba, ga shi yana neman sabon salon ɓatawa kowane zagaye don kada a gane. Kowane zagaye kuma yana tsintar abu ɗaya ya adana: yanzu shaƙar, yanzu karyewar, yanzu kaushin. A na shida ya ga Fausto ya dafe goshi, ya ga baƙon ya sunkuya yana yi masa raɗa. Makirufon can ɗakin a buɗe aka manta shi, sai ya ji sarai: "Wannan ne wanda ka ce? Kashi sittin da biyar fa. Ba ku da wani mai sauran ƙarfi?"

Maganar ta soke shi, ƙarya ne a ce ba ta soke shi ba. Sunan nan shi ne kaɗai gidan da ya gina wanda bai rushe ba. Ya san gobe labari zai zaga duk situdiyon garin, cewa Sau Ɗaya ya ƙare. Ya kalli bakin karyar a tsaye a allo, ya ce, "Ku yi haƙuri, a sake."

Na bakwai ya ɓata shi. Na takwas ya yi niyyar gamawa, ya kuwa faɗe shi daidai, sai Evaristo ya ɗaga hannu.

"Ash, nawa ne wannan. Inji ya ci farkon."

"Wane irin ci kuma?" in ji Fausto.

"Yaro, kana zanen goyo nake kan injin nan. Na ce ya ci, ya ci."

Na tara ma inji ya ci. Na goma Evaristo ya ce ya ji ƙarar babur a waje, a ɗakin da ko tsawa ba ta shiga. Fausto ya dubi tsohon nan, ya dubi wancan, ya dubi takardar da ke manne a murfin faifan mai sunayen mutanen 1972. Ya daɗe yana kallon sunan mai muryar Canela. Da baƙon ya sake buɗe baki, sai ya ce masa, "Ranka ya daɗe, ga kofi can a falo, je ka sha. Mu nan haka muke aiki." Sannan ya danna maɓalli ya ce a hankali, "Don Nicanor, sau ɗaya ya rage mana, lokaci ya tafi. Kun shirya?"

Na goma sha ɗaya, ta ce ya shigo mana, ya tsaya nan kamar baƙo. Ya ce, "Ni ne. Na dawo." Aka kashe fitila, Evaristo ya naɗe faifan, baƙon ya sa a jaka ya ja zif.

A bakin ƙofa yana ɗaura takalmi, leɓɓansa na motsi, yana juya daƙiƙa taran nan a ransa kamar mai ɗauke da kwanon da ya cika fal. Evaristo ya biyo shi.

"Kada ka yi min magana, za ta zube," in ji Nicanor.

"Ba zan yi ba. Abu ɗaya: je ka gida kai tsaye. Kada ka tsaya ko'ina."

"Ina zan tsaya dama?"

"Ni dai na gaya maka. Ni ma sai yau na gane, kuma kunne ne sana'ata. Tir da mu, mu biyun."

Bai fahimce shi ba, bai kuma tsaya tambaya ba. Ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa yana maimaitawa. Amma ka san jirginmu da rana tsaka. Mai sayar da kaset ya shigo da lasifika a goye ya sake musu kiɗa, makaho ya bi da waƙarsa, wata mata tana yi wa ɗanta faɗa a daidai kunnensa. Ya toshe kunnuwa da yatsu, mutane na kallonsa. Kafin tasha ta uku kaushin ya gudu. Da ya hau sama a Portales, mai gyaran tukunya na ihu, motar iskar gas na buga ƙararrawa, ya nemi shaƙar nan ya rasa. Ya gwada da bakinsa a gefen titi, ƙasa-ƙasa, "Tizón, kai ne?" Abin da ya fito muryar tsoho ce mai kwaikwayon mace, ba ta kowa ba. Ya sayar da sunansa a kan daƙiƙa tara, ga shi ko gida bai kai su ba. Ya tsaya jikin bangon kantin magani ya yi kuka, da gashin bakinsa da gyalensa, bai damu da masu wucewa ba.

Ya hau matakala yana jan ƙafa. Ƙamshin soyayyar albasa ya tarbe shi. Rosaura ta dawo daga aikin safe a asibitin da take jinya, tana kicin, ba ya ganinta. Ya sa mabuɗi, ya tura ƙofa, ya tsaya bai shiga ba.

Sai ya ji wata 'yar shaƙa, kamar ta mai shirin faɗa.

"Baba, kai ne? Tun ɗazu nake ɗumama gurasar tortiya har ta zama takalmi. Ka wanke hannu, kuma kada ka ce min ka ci a hanya."

"Kai ne" ɗin ya hau sama ya karye a tsakiya. Ga kaushin nan a ƙarshe, na mai shan kofin aikin asibiti. Shekarunta ashirin da biyar, shekara ɗaya kacal tsakaninta da yarinyar da ta zo da takardu tana Allah ya isa. Tun yaushe? Shekara uku, biyar? Kullum safe da yamma muryar nan tana tambayarsa ko ya sha magani, tana yi masa tsiya kan safa, shi kuma yana can yana nemanta a rumbun mutanen ƙetare. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Ya manta ta ne har ya kasa gane ta a cikin gidansa.

Rosaura ta leƙo da ludayi a hannu, da tsumma a kafaɗa. Ta ga idonsa.

"Lafiya? Sun ce ka tsufa ne? Wa ya faɗa, in je in same shi?"

"Sun ce. Ƙyale su." Ya riƙe ƙofar da kyau. "Rosaura, koma ciki."

"In koma ciki?"

"Koma kicin, inda ba na ganinki. Ni zan fita in rufe, in sake buɗewa. Ki faɗi abin da kika faɗa."

"Baba, wake zai ƙone fa. Wai yau me aka ba ka a Coyoacán?"

"Zan gaya miki, duka zan gaya miki, mu zauna tukuna. Yi min wannan ɗin."

Ta dube shi, ta girgiza kai, ta koma tana mita cewa mutanen sana'ar nan duk da sauransu. Don Nicanor ya ja ƙofar ya rufe, ya tsaya a kan matakala ya goge fuska da bakin gyalensa. Ya gyara tsayuwa yadda yake yi in jar fitila za ta kama, sannan ya sa mabuɗi ya murɗa.